Kaumi Mai Kafireta da Igiyar da Ta Rage

A zamanin da Turawa ke mulki, lokacin da baburan Potiskum kaf ba su fi a ƙirga da yatsu ba, akwai wani gida a unguwar Dogo Nini da ko makaho ba ya ɓatan hanyarsa, don warin fetur ke tarbar mutum tun daga bakin lungu. Gidan Kaumi ke nan. Babarbare ne dogo, siriri, mai ƙananan idanu da ba sa zama wuri ɗaya. In ka yi masa sallama, sai ya dubi hannunka kafin ya dubi fuskarka. In ka yaba sabuwar rigarsa, ranar ya rasa sukuni ke nan, yana ta juya abin da kake nema a wurinsa. Allah ya yi mutane iri-iri, amma Kaumi dai da zargi aka haife shi.

Yaƙin Boma ne ya ba shi sana'a. An ɗebe shi soja yana saurayi, aka haɗa shi da masu kai saƙo a kan babur, can dab da inda ake harba igwa ba hutu. Tuƙi kam bai wani iya ba, amma hannunsa ya faɗa kan abu guda, kafireta, wato 'yar tukunyar ƙarfen nan da ke maƙale a gefen inji, wadda ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Da ya dawo gida aka tambaye shi abin da zai riƙa yi, ya ce kafireta. Shi ke nan zance ya juye a bakin mutane. Kafin la'asar an baza a unguwa cewa Kaumi ya dawo daga wajen Nasara, ya faɗa da bakinsa kafirta zai yi, kuma a cikin gidansa. Sai da liman ya taka da kansa, ya tarar da shi tsugune gaban tasa yana wankin ƙarafa, sannan hankalin jama'a ya kwanta. Aka yi dariya aka manta. Kaumi bai manta ba, har ya tsufa yana neman wanda ya fara ƙaga maganar.

Aiki kuwa, ko maƙiyinsa ya san ya iya. Babur ɗin Baturen shanu, da na malaman En'e, wato hukumar sarki, da na masu sayen fata, duk wurinsa ake turo su in sun fara tari. Rumfa ya kafa tsakanin zaure da cikin gida, a nan yake zama. Zai shimfiɗa farin ƙyalle a kan faifai, ya kwance kafireta ya jera 'ya'yanta, ya jiƙa su da fetur a cikin wata tasa da ba wanda ya isa ya ɗaga. A cikin kafireta akwai wata 'yar huda da mai ke bi, ba ta fi tsinin allura ba, ita ce ke yawan toshewa. Wasu da waya suke tsokano ta. Kaumi ya ce wannan ta'asa ce, waya buɗa hudar take yi. Shi ran kasuwa zai je Kasuwar Shanu, ya laɓaɓa ya tsigo gashin wutsiyar bijimi, da shi yake zura wa hudar, ya hura ta da baki, ya ɗaga sama ya leƙa hasken rana ta ciki. Fulani sun sha biyo shi da sanda, a zatonsu asiri zai haɗa wa garke. Shi kuma a nasa zaton, wani ne ya turo su.

In ya wanke ya mayar, sai aikin da ya fi kowanne, daidaita sulo. Sulo shi ne numfashin inji in babur na tsaye ba a ba shi wuta ba. Wani ɗan sukuru ne a jikin kafireta ke riƙe da shi, ka juya shi ciki ko waje kaɗan, inji ya canja murya. Wannan kuwa aikin kunne ne tsantsa. Kaumi zai buga kik ya tayar da inji, ya durƙusa ya karkata kai, sukuddireba a hannu, yana juyawa a hankali har inji ya zauna yana dum-dum-dum kamar wanda ya ƙoshi ya yi barci. Sannan ya ɗauki ƙusa ya yi ɗan zane a jikin ƙarfen, daidai inda tsagar kan sukurun ta kalla, wai don in wani ya taɓa ya gane. Wa zai taɓa? Oho. Shi dai sai ya zana.

Matarsa Laraba 'yar Ngizimawan Ngojin ce, gajeruwa, mai sanyin hali, magana ba ta dame ta ba. Shi bai iya yarenta ba, ita ba ta iya nasa ba, da Hausa suke zama, da ita suke faɗa. Murhunta na bayan rumfar, zana ɗaya ce tsakani. Shekara da shekaru tana tuƙa tuwo, inji na kuka a bayan kunnenta.

To, aure igiya uku gare shi, Kaumi kuwa ya riga ya tsinke biyu. Ta fari, ya dawo daga kasuwa ya ga sawun namiji a tsakar gida. Kafin a gano sawun ɗan ga-ruwa ne, Laraba ta kai Ngojin da kayanta a ka. Ta biyu, allurar wata kafireta ce ta ɓace, ya ce ita ta kai wa boka. Bayan ta tafi ya tsince ta a naɗin ƙafar wandonsa. Duk sau biyun shi ya je biko, ya tsuguna gaban iyayenta kamar ba shi ba, don maganar gaskiya yana son matar nan kamar ransa, zargin ne ya fi ƙarfinsa. A kome na biyu liman ya riƙe hannunsa ya ce, "Kofur Kaumi, saura ɗaya. In wannan ta tsinke babu sauran biko, sai ta auri wani ya sake ta don kansa. Ka kama harshenka." Ya kuwa kama, har shekaru suka ja, furfura ta sauko masa a gemu.

Sai aka shiga wata shekara da mutanen Dogo Nini, a ganin Kaumi, suka ɗauko sabuwar ɗabi'a, wato raɗa. Babaji tela, Bakanon da suke katanga ɗaya, mutumin da a da in ya yi dariya sai kajin unguwa sun firgita, yanzu in sun haɗu leɓe kawai yake motsawa. A majalisar ƙofar masallaci, da Kaumi ya doso sai murya ta yi ƙasa, ga bakuna na motsi, ga idanu a kansa. Ladan ma ya lalace, kiran salla yake yi kamar an sa shi dole. Wanda ya fi ci masa rai shi ne na cikin gida. Laraba ta daina kiransa daga bayan zana in abinci ya sauka, sai ta zagayo ta dafa kafaɗarsa. In za ta yi magana, sai ta tsaya a gabansa ta kafe shi da ido. Kaumi ya ce a ransa, mace ba ta canja hali haka kawai, akwai abin da ake dafawa.

Ana cikin haka ya ga abin da ya tabbatar masa an haɗe masa kai. Ya daidaita sulon babur ɗin wani malamin En'e, ya yi zanensa, ya tafi azahar. Ya dawo ya tarar tsagar sukurun ta kauce wa zanen. Ba da yawa ba, kamar faɗin farce. Ya tsaya yana kallo, kuma Allah ya sani akwai ɗan daɗi a ƙasan zuciyarsa, don tun yaushe yake zana ƙarfe bai taɓa kama kowa ba. Ya mayar da sukurun kan zanensa, mai babur ya zo ya ɗauka. Washegari ga mutumin ya dawo yana turawa, ya jiƙe sharkaf da gumi, wai babur na mutuwa a kowace kwana, in ya yi zafi kuma ya ƙi tashi. Kaumi ya ce ai dama ya sani, hannun da ya juya sukurun bai tsaya nan ba, ya yi wata ɓarnar a ciki.

Haka abin ya ɗore. Ya daidaita, ya fita, ya dawo ya ga an kauce, ya mayar, babur ya tafi ya dawo. Akwai ranakun da mai babur ke zuwa da gaggawa ya ɗauke kafin Kaumi ya duba zanen. Waɗannan baburan ba sa dawowa, amma wannan kam bai taɓa sa shi a lissafi ba.

Wa ke yi? Da fari ya ɗora wa Babaji, don tela ba ya rasa ɗan sukuddireban keken ɗinki, katangar kuma ba ta da tsawo. Ya dawo kan Fulanin kasuwa. Ya koma kan wani saurayin makanike da ya buɗe rumfa a tashar mota, mai gashin baki da hula a karkace, wanda Kaumi ya tsana tun ran da ya fara ganinsa. Daga nan ya shiga ɗana tarko. Ya barbaɗa toka kewaye da babur ya fita, ya dawo ya tarar an share wurin tas, Laraba ta ce ƙazanta ta gani. Ya sayo shuni ya shafe ƙotar sukuddirebansa, ya bi unguwa yana ba mutane hannu yana juya tafinsu, har Babaji ya tambaye shi ko duba ya fara. Bai ga shuɗi a hannun kowa ba. Ya shigo gida a gajiye, sai ga Laraba zaune a kan tabarma, hannu cikin zunguru, ta ƙunsa lalle ba biki ba suna. Da ta kwance, yatsun sun yi ja har sun koma baƙi, ko shunin duniya ne a ƙarƙashi ba mai iya gani.

Nan zuciyarsa ta tsaya a kanta cak. Kuma ka san halin Kaumi, ba ya tsayawa a rabin hanya. Kafin ya gama cin tuwo ya riga ya ƙulla labarin gaba ɗaya: makaniken tasha na son ƙwace masa aiki, ya samu hannu a cikin gida, unguwa duk ta sani, shi ya sa ake raɗa. Da me yaron ya saye ta? Nan ne tunanin ke kai shi inda yake ture kwanon tuwon gefe.

Wata safiya Babaji ya shigo rumfar neman ɗan man da zai ɗiga wa kekensa. A gabansa Kaumi ya kira Laraba bakin zana.

"Laraba, ke ce ke taɓa mini sukuru?"

Ta leƙo, ta ga Babaji, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ta faɗi wani abu.

"Ɗaga murya," in ji Kaumi. "Na gaji da raɗa a gidan nan."

Ta yi shiru. Shirun nan ya ƙarasa shi.

"To ki ji da kyau, ga Babaji shaida. Daga yau in kika taɓa sukurun kafireta a gidan nan, ko da hannu ko da ƙarfe, a bakin igiyarki ta ƙarshe."

Babaji ya dafe kai, bakinsa na ta motsi, yana nuna Kaumi yana nuna sama. Amma magana ta riga ta fita, irin wadda ba a mayarwa, ranar da aka taɓa sukurun auren ya mutu da kansa. Laraba ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube shi, kallon da ya kasa fassarawa, ta koma wajen murhunta. Tun yawun bakinsa bai bushe ba ya yi nadama, amma ya lallashi kansa da cewa in ba ita ba ce ai ba ta yi asarar komai ba.

Daga ranar sukurun bai ƙara kaucewa ba. Wannan ya nuna masa ita ce, ransa ya yi baƙi ƙirin. Abin da ya kasa ganewa shi ne, yanzu da ba mai taɓawa, baburan duk sai suka riƙa dawowa, ba ɗaya ba biyu ba. Baturen shanu ya aika nasa tasha. Masu sayen fata suka bi. Kaumi ya ce to, ta canja dabara, ko ta allurar ciki take bi, ko kuwa an koma asiri. Ya daina cin abinci sai ya sansana. Suna gida ɗaya, kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido.

Da bazara ta kankama, zafi ya kai inda ya kai, sai ga Auta ya turo babur ɗinsa. Auta ƙanin Laraba ne, autansu, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Ya yi makaranta, En'e ta ɗauke shi malamin allurar shanu, ta ba shi babur. Washegari zai shiga daji, rugage masu nisa inda mutum zai wuni bai ga rijiya ba, shi kaɗai da akwatin magani a baya. Abokansa sun ce ya kai tasha, ya ce ba zai tsallake mijin yayarsa ba.

Kaumi ya zage ya yi aikin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ya wanke, ya zura gashin wutsiya, ya hura, ya leƙa rana, ya ɗaure. Ya buga kik ya durƙusa, ya juya sukurun har inji ya yi masa laushi a kunne yadda yake so. Ya yi zanensa. Yana ɗagowa, ta wata 'yar kafa a jikin zana ya hango Laraba. Ta bar abin da take yi, muciya a hannu, ta karkata kai gefe guda daidai yadda shi yake karkatawa, fuskarta a yamutse kamar mai ciwon haƙori. Ya kashe injin. Ya ce a ransa yau za a yi ta ta ƙare.

Ya leƙa ya ce mata zai je Kasuwar Shanu, gashinsa ya ƙare. Ya fita ta zaure yana kakkaɓe riga, ya ɗan jima a waje, ya saɗaɗo ya dawo ya shige bayan wasu tsofaffin zanaki da ke jingine a kusurwar rumfar. Dattijo da furfura, ya laɓe a gidansa kamar ɓarawo, gizo-gizo na bin wuyansa. Hantsi ne, rana ta fara cizo.

Ya jima bai ga kowa ba, har ya fara jin kunyar kansa. Sai ga ta. Ta fito a hankali, ta tsuguna gaban babur ɗin, hannuwanta biyu a baya, ɗaya riƙe da ɗaya. Ta daɗe tana kallon sukurun. Ta miƙe ta koma har bakin zana, ta tsaya, ta dawo. Leɓenta na motsi, hawaye na bin kumatunta tana sharewa da kafaɗa. Ta dubi akwatin maganin Auta da ke ɗaure a bayan babur ɗin, ta shafa shi. Sannan ta sunkuya ta ɗauki sukuddireban daga kan faifai.

Abin da Kaumi ya daɗe yana nema ke nan, ga shi a gabansa. Sai ya ji babu ko ɗigon daɗi a ciki. Tsoro ya ji, irin wanda rabonsa da shi tun Boma. Ya ga gidan nan ba Laraba, murhu a kashe, ya ga kansa tsugune a Ngojin ana ce masa babu biko. Ko me ta yi, ko da wa ta haɗa baki, ya gane ba ya son ya kama ta. Ƙarfen ya kusa kai wa tsagar sukurun, ya yi watsi da zanakin ya yi tsalle ya cafke wuyan hannunta.

"Kada ki taɓa."

Sukuddireban ya faɗi ƙasa. Ta dube shi, ba ta ko firgita sosai ba, kamar ta san yana nan. Ta faɗi wani abu.

"Har yanzu raɗa? Ni da ke kaɗai ne a nan, Laraba. Faɗi da ƙarfi, wa ya sa ki?"

Ta fizge hannunta ta miƙe tsaye. Ta ja numfashi ta buɗe baki. Kaumi ya ga jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ya ga kajin da ke tono a bakin rumfa sun watse da gudu. Ya ga akuyar da ke ɗaure ta zabura ta ja turke. Ya ga kan Babaji ya ɓullo ta saman katanga, zare a baki, ido waje. Matar da ko tsawa ba ta iya yi wa kaza ba, yau ihu take iyakar ƙarfinta. Shi kuwa muryar na iso masa can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

"Ba wanda ke raɗa, Malam! Kunnenka ne ya tafi!"

Ya zauna daɓas a ƙasa. Babaji ya janye kansa. Kaumi ya sa yatsa a kunne ya girgiza, ya ƙyasta yatsu a gefen dama, ya ƙyasta a hagu. Ladan, da majalisa, da dariyar Babaji, duk suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya rage murya, igwar Boma ce ta biyo shi gida a sannu.

Laraba ta durƙusa ta kawo bakinta dab da kunnensa. "Bara na ce ka je a duba ka, ka ce kurma na kira ka, ka ƙaurace wa tuwona. Na rasa ta inda zan sake ɓullo maka."

"Wa ya sani?"

"Unguwa duk ta sani. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

"Sukurun fa?"

"Kana shaƙe shi da yawa. Inji na haki, yana neman mai, kai kana jin ya yi laushi. Ni ina jinsa daga murhu har cikin haƙorana. In ka fita sai in ɗan sassauta."

"Baburan da suka dawo?"

Ta ƙara matsowa kusa da kunnensa. "Waɗanda ka mayar da sukurunsu kan zane ne, Malam."

Kaumi ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, har ya kasa haɗa ido da ita. Makaniken tasha, bawan Allah, bai ma san ana yi ba.

"Da na wani ne da na ƙyale, kamar yadda na ƙyale sauran," in ji ta a kunnensa. "Amma Auta ne. In babur ɗin nan ya mutu masa a daji da zafin nan, wa zai gan shi? Na auna na auna, na ga gara in koma Ngojin in zauna, da a kawo mini labarinsa."

Kaumi ya dubi babur ɗin. Shi ba ya ji, ita ba ta da ikon taɓawa, kuma bakinsa ne ya ɗaure su duka biyun. Sannan ya tashi ya buga kik, ya durƙusa, ya ɗauki sukuddireban ya sa a tsagar, ya tsaya bai san inda zai juya ba. Sai ya ji yatsu masu lalle sun kama wuyan hannunsa.

"Laraba, rantsuwar."

"Ban taɓa sukuru ba," ta ce a kunnensa. "Hannun mijina na riƙe."

Ta karkata kai ta lumshe ido, ta murɗa hannunsa waje a hankali. Bai ji canjin murya ba ko kaɗan. Abin da ya ji shi ne kakkarwar da ke hawowa ta ƙarfen zuwa tafinsa ta fara lafawa, ta daidaita, ta zauna. Ta matse hannunsa, ya tsaya. Ya sunkuya ya duba. Tsagar ta kauce wa zanensa da faɗin farce, daidai inda ya saba tarar da ita.

Kaumi dai Kaumi ne, bai yarda da fatawar mace ba sai da ya je wajen liman. Liman ya saurara, ya jawo kunnensa ya tambaye shi ko ta taɓa sukurun. Kaumi ya ce a'a, wuyan hannunsa ta riƙe. Liman ya tambaye shi ko ya yi rantsuwa a kan wuyan hannunsa. Ya ce bai yi ba. Liman ya ce to ya tashi ya ba shi wuri, amma ya sani maganar sukurun na nan daram har ƙarshen zamansu. Auta ya shiga dajinsa ya fito lafiya, bai san abin da aka yi a kan babur ɗinsa ba.

Saura matsala guda. Masu babur kan tsaya a rumfa ana daidaita musu sulo, matar aure kuwa ba ta fitowa ta durƙusa cikin maza ta riƙe hannun miji. Laraba ce ta samo mafita. Ta kwance tsohuwar igiyar akuya, ta zura ta ƙarƙashin zana, ta ce ya ɗaura bakin a idon sawunsa, ɗaya bakin na wajen murhu. In ta ja a hankali ya ci gaba da sassautawa, in ta saki ya koma ciki, in ta fizga ya tsaya. Sannu a hankali baburan suka daina dawowa, masu su suka dawo, har da Baturen shanu.

Mutanen gari kuwa suka samu abin yi. Wasu suka ce igiyar laya ce ya zo da ita daga Boma. Fulanin kasuwa suka ce ai ga inda gashin wutsiyar shanunsu ke tafiya. Babaji ya sani, amma ko an matsa masa sai ya ce shi ɗinki ya iya. Kaumi ya bar su da zarginsu, ko a jikinsa.

Kada a ce ya canja hali, bai canja ba. Har ya bar duniya yana duban hannun mutum kafin fuskarsa, yana zargin ɓera da gara da 'ya'yan akuya. Ƙusar zanen ce kawai ya jefar. Igiyar nan kuwa ba mai tsallake ta, ko Bature sai ya zagaya. Kullum da safe kafin ya fara aiki, sai ya bi ta da yatsu tun daga idon sawunsa har gindin zana, yana duba ko wani wuri ya fara cinyewa. In ya kai ƙarshe sai ya ɗan ja, ya jira. Ba ya ɗaukar sukuddireba sai an ja masa daga ciki.